Abin da Na Cusa a Salansar Gazali

"Ka tada ta, ka gaya muna abin da yak kashe ta bisa hanya, ni kuwa in ɗaura maka aure duk Juma'ar da ka zaɓa."

Haka Alhaji Haliru ya ce da ni a zauren gidansu da ke Kebbe, yana miƙo mini hannu. Na cafke hannun tun bai gama miƙewa ba, har da dariyata.

"Alhaji, ai wanga ba sharaɗi ba na. Shekara talatin da fuɗu ina kwance ƙarƙashin mota. Ko jaki yaƙ ƙi tashi ku kawo min shi."

"Kada ka cika baki tun ba ka gan ta ba, Malam Mamuda. Makanikai ukku munka ɗauko daga Sakkwato. Kowa ya buɗe bonet sai ya rufe, ya ce a ba shi ruwa shi sha."

Ku da ke karanta wannan, ku dakata da tausaya mini sai kun ji ƙarshe. Sunana Mahmuda, amma daga Tambuwal har Jabo ba wanda zai gane sai kun ce Mamuda Mai-Salansa. Garejina yana bakin titi. Matata Mero ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yanmu duk sun yi aure sun watse, gidan ya zama daga ni sai rediyo. Yayata Atu, wadda ke aure a Kebbe, ita ta hana ni sakat. Duk zuwan da za ta yi sai ta kama wuyan rigata ta juya.

"Mamuda, dubi nan. Wanga wuyan riga na ko tsumman goge injin? Namiji da furfura yana cin tuwon saye awa ɗan tasha!"

Ita ta haɗa ni da Bashira, ƙanwar Alhaji Haliru, wadda mijinta ya rasu shekara biyu ke nan, tana sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida. Ranar da na fara ganinta tana sanye da atamfa ruwan ganye da mayafi ruwan zuma, lalle ya kama yatsunta har ya yi baƙi. Ba ta yi mini kallon kunya irin na yara ba. Ta dubi hannuna ta ce, "Malam, baƙin man ga yana fita kuwa, ko da shi za a shigo min ɗaki?" Tun ranar nake goge farce da omo da toka kamar mai shirin shiga gasa.

Ta san karatun boko bai zauna mini sosai ba, don haka saƙon murya take turo mini. Kullum bayan asuba wayata za ta yi ƙara. "Malam, ka karya? Ban ce shayi da burodin bakin gareji ba." Sai in saurara sau uku kafin in amsa. Har na kai shadda ruwan toka ɗinki, aka yi mata aiki a wuya, na rataye ta a ƙusa cikin leda.

To, abu ɗaya ya rage, wato motar marigayi. Mijinta Gazali ɗan Kwatano ne, mai shigo da motoci. Hawan jini ya buge shi wata rana da damina, aka sa shi a motarsa za a kai shi asibiti Sakkwato, Alhaji Haliru yana tuƙi, Bashira tana baya da kan mijinta bisa cinyarta. Sun wuce Tambuwal, kafin su kai Dogon Daji motar ta fara nishi, ƙarfinta ya tafi, ta mutu. Ta ƙi tashi. A nan bakin hanya Gazali ya cika. Tun daga ranar dangin Gazali suke cewa Haliru direban buhunan gero ne, bai san motar manya ba, shi ya ƙona injin. Ko a wurin jana'iza suka haɗu ba sa ba shi hannu. Shi kuwa bai ƙara taɓa sitiyari ba.

Daga bayan labulen zaure na ji muryar Bashira. "Malam, ba don in wahalshe ka ba na. Kullum safiya in na fito tsakar gida da tamfol ɗin can nika fara haɗa ido. Ba ni iya shiga gidan wani namiji da tambayar ga cikin ƙirjina."

"An gama, Hajiya," na ce. Wallahi har da buga ƙirji.

Muka shiga tsakar gida. Alhaji ya kori kajin da suka mai da wurin akurki, ya ja tamfol. Jar mota ce, gajera, ta kwanta ƙasa kamar kada, ƙofofinta na baya suna buɗewa ta baya kamar ƙofar kwaba. Irinta ɗaya na taɓa gani a ƙasar nan. Na durƙusa kamar mai duba taya, na leƙa ƙasa. Ga waldata nan a cikin salansa. Kowane mai walda ya san ɗinkinsa kamar yadda mace ta san kitson hannunta, ni nawa a ƙarshensa nakan lanƙwasa shi kamar ƙugiya. Ga ƙugiyar tana kallona.

Dole in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A cikin salansar motocin da ake kawowa daga waje akwai wata tukunya, cikinta wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi ke tace hayaƙi. Mu a gareji indomi muke ce masa. Akwai masu sayensa, wai wani ƙarfe mai daraja ake cirewa a ciki. Nawa mai sayen sunansa Ɗangiwa, duk ranar kasuwa yana zuwa da buhunsa. In baƙo ya kawo mota ya ba da baya, sai in yanka tukunyar, in zare indomin, in cusa soson ƙarfe na wanke tukwane don kada ƙarar motar ta sauya, in yi walda, in shafa laka. Na yi wa motocin da ban san adadinsu ba. Babu wadda ta taɓa dawowa da ƙorafi, don a injin da muka saba soson yakan cinye a hankali, ya fice da hayaƙi.

Mai jar motar ya tsaya ne a garejina satin ƙaramar Sallah. Farin kaftani, baƙin tabarau, fara'a kamar mun shekara da sani. "Oga, barka da Sallah. Wani abu na ƙara nan ƙasa, duba min, bari in yi azahar." Ƙugiyar rataye salansa ce kawai ta kwance. Kafin a sallame sallah na gama duka biyun, gyaran da ɓarnar. Ya dawo da tsire a takarda ya ajiye mini bisa benci. Ko sunansa ban tambaya ba. Bonet ɗin ma ban buɗe ba, tunda aikina a ƙasa yake.

Yanzu ga Alhaji Haliru ya buɗe mini shi. Ɗan ƙaramin inji, dunƙulalle kamar ganga, babu fiston ko ɗaya. Na san shi. Ina saurayi a Kwatano na yi aiki ƙarƙashin wani tsoho ɗan Togo mai son irinsa. A cikinsa wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku, suna juyawa kamar muciya a tukunya. Abin da tsohon ya fi nanata mana shi ne hayaƙin wannan injin ba irin na sauran ba ne, wuta ce tsagwaronta, in ka sa cokali a bakinsa sai ya narke. Da na ɗaga bonet ranar nan, da ban kusanci salansar ba.

"Alhaji," na ce, "yaushe abin yaf faru?"

"Sati ukku bayan ƙaramar Sallah. Mi ag gare ka? Ka yi zufa."

"Rana ta, Alhaji."

Washegari aka ɗaure ta a bayan a-kori-kura aka jawo ta Tambuwal. Alhaji ya biyo ta, ya ce ba ya ɗagawa daga benci sai ya ga ƙarshen abin da idonsa, tunda sunansa ne a ciki. Ya zauna da carbinsa, daidai inda Gazali ya ajiye mini tsire.

Tun da na fara sana'a ban taɓa roƙon Allah ya sa in tarar da inji a mace ba sai ranar. In irin wannan motar ta rasa ƙarfi, wuri uku ake nema: wuta, ko iskar da ke cikin injin, ko hanyar fitar hayaƙi. Biyun farko in su ne, babu hannuna. Na fara da su, ina jan aiki kamar mai tafiya gidan alƙali.

Na sa sabon batir. Na zubar da tsohon fetur ɗin da ya yi wari kamar fenti, na zuba sabo. Ina cikin haka wayata ta yi ƙara, Bashira ce. Na kanga a kunne. "Malam, sannu da aiki. Don Allah... ka duba tankin mai?" Muryar ta yi ƙasa, ba irin ta kullum ba. Kaina yana wani wuri, na amsa mata a gajarce cewa na zubar na sa sabo. Ban tsaya na tambayi kaina me ya kai mai sayar da atamfa tunanin tankin mai ba.

Fulogi huɗu ne, biyu ga kowane ƙarfe mai juyawa. Na cire su na wanke. Na gwada kwayil masu ba fulogi wuta ɗaya bayan ɗaya, ina fatan in ga wanda ya mutu. Duka huɗun suka ba da wuta shuɗiya, tas-tas.

"Ango, hannunka na rawa," in ji Alhaji. "Tun yanzu? Ina ga ranar da anka kawo amarya?"

"Shayi na ban sha ba, Alhaji."

Sai gwajin iska. A bakin kowace kusurwa ta ƙarfen nan akwai wani siririn ƙarfe da ke riƙe iska. In an ƙona injin, su ke fara lalacewa. Ba ni da na'urar awo, amma tsohon Togo ya koya mana da kunne. Na ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin fulogi don ta daɗe a ajiye, na bar rami ɗaya a buɗe, na ce Alhaji ya murɗa makulli. Ya yi jim kafin ya shiga, ya zauna a gefen kujera ƙafafunsa a waje. Na kai kunnena. Lafiyayyen inji numfashi uku yake yi daidai wa daida. In ɗaya ya yi ƙarfi biyu suka yi rauni, an gama da shi.

Fuf, fuf, fuf. Fuf, fuf, fuf.

Na koma ramin ƙarfe na biyu, ina cewa a zuci ya Allah ko ɗaya, ko ɗaya ya rage. Fuf, fuf, fuf. Kamar ƙirjin jariri mai barci.

"Mi kaj ji?"

"Injin lafiya lau yake, Alhaji. Ba a ƙona shi ba."

Ya dube ni baki buɗe. "Sake faɗi." Na sake. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna motsi. Dattijo mai jikoki. Ni kuwa na tsaya da sifana a hannu, na san saura wuri ɗaya.

Na mayar da fulogi, ta tashi a bugu na uku, ta cika garejin da farin hayaƙi. A tsaye ba ka jin komai a jikinta. Na ce sai mun hau titi. Na kama hanyar Dogon Daji, Alhaji a gefena. Har gudu sittin tana tafiya sumul. Da na taka totur sai ta yi wani gurnani, kamar mutumin da aka toshe wa baki da hannu. Ina takawa tana ja da baya. Alhaji ya dafe gaban motar da hannu biyu.

"Haka tay yi! Wallahi tallahi haka tay yi!"

Na gangara gefen hanya, ta mutu da kanta. Na zaga baya na leƙa ƙasa. A cikin inuwar motar, da rana tsaka, tukunyar salansa ta yi ja kamar garwashin maƙera. Na murɗa makulli, ta ƙi. Sai ta huce.

Muka zauna jira. Alhaji ya ɗaga carbi ya nuna wani gawo can gaba kaɗan, bai fi jifa biyu ba.

"Can na. Ruwa ake awa da bakin ƙwarya. Na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu, kowa na tsoron tsayawa. Ita tana baya tana laƙƙana mai kalmar shahada. Da wata motar itace tat tsaya, ya riga ya tafi." Ya share ido. "Malam Mamuda, Allah shi saka maka. Kai kaɗai kab bi abin ga da gaskiya."

Na ce amin. Bakina ya faɗi amin, ku ji fa.

Da muka lallaɓo gareji na sassauta kusoshin da ke gaban tukunyar don hayaƙi ya sami wata hanya. Na tada ta, na taka. Ta yi wata kururuwa har masu faci suka taso kallo, allurar gudun inji ta haura sama ba gargada. Magana ta ƙare, a toshe take. Daidai nan aka kira azahar.

"Mu tai masallaci," in ji Alhaji.

"Yi gaba, in wanke hannu."

Lokaci ɗaya da wancan, benci ɗaya, ni ɗaya. Na kunna gas ɗin walda na bi ɗinkina na yanka. Abin ya faɗo ƙasa tim. Curi ne baƙi, ya kai curin fura biyu a haɗe, nauyi kamar dutse. Soson ya narke ya dunƙule ya toshe bututun, sai wata 'yar kafa da ko ɗan yatsa ba ya shiga. A cikin gari, ana tafiya a hankali, kafar ta ishe ta. Ranar da aka buƙaci gudu ne ta kasa. A gefe ɗaya na curin zaren soson bai gama narkewa ba, yana nan a murɗe, yana ƙyalli.

Ni ba yaro ba ne, na san yadda ake fita daga rami. A ƙarƙashin benci akwai wani tsohon indomi na wata mota da ya narke da kansa, Ɗangiwa ya ƙi saye. Indomi yakan narke, kowane makanike zai shaida. Na ɗauko shi na shafa masa baƙin hayaƙi na sa a leda. Curin kuwa na tura shi can ƙasan jakar kayan aikina, da niyyar in mun zo gadar da ke hanyar Kebbe in sake shi a gulbi. Na ce wa kaina wannan ƙaryar ba ta cutar da kowa: Alhaji ya wanku, Bashira ta sami amsa, laifi ya hau kan ƙarfe. Na rufe tukunyar ba komai a ciki. Sallar ma ban samu jam'i ba.

Washegari da hantsi na yi wanka na sa farar riga. Alhaji, da ya kwana a Tambuwal, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni makullin." Shekara biyu rabonsa da tuƙi, ga shi yana sauya giya yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Ni ina gefe, jaka tsakanin ƙafafuna. Duk ramin da muka faɗa sai curin ya bugi sifana, ƙwal. Da na hango gada na zura hannu cikin jakar na kama shi, ɗaya hannun na danna maɓallin gilashi. Shiru. Na sake dannawa. Zaman shekara biyu ya kashe shi.

"Zafi kaka ji? Bari, mun kusa," in ji Alhaji. Muka haye gadar, ina kallon ruwan yana wucewa.

A Kebbe mun tarar da Yaya Atu a ƙofar gida, tana jin ƙarar motar ta rangaɗa guɗa. Aka shigar da mu falon Bashira. Sabuwar leda a ƙasa, kwabar kwanuka tana sheƙi, turamen atamfa jere a kusurwa, ƙamshin turaren wuta ya kama labule. An jera waina da miyar taushe, da zoɓo a jug mai raɓa. Ta fito cikin shuɗiyar atamfa da farin mayafi, ta zauna a bakin kujera, hannayenta a haɗe.

"Sannunku da hanya. Malam, ina saurare."

Na zazzage ledar a kan faifai. Na yi bayani tiryan-tiryan, yadda na gwada wuta, yadda injin ya yi numfashi uku, yadda tukunya ta yi ja. Na ce ga shi, abin tace hayaƙi ne ya narke ya toshe hanya, ba tuƙin kowa ba ne. Alhaji yana gyaɗa kai yana hamdala. Bashira ta ɗauki kofi tana zuba mini zoɓo. Sai Alhaji ya juya abin da ɗan yatsa ya ce:

"To shi wanga, mi ka narkar da shi haka?"

Ban shirya wa tambayar ba. Bakina ya ba da amsar da kowane makanike a ƙasar nan yake ba mai mota in ya rasa ta cewa, amsar da na faɗa sau dubu ban yi tunani ba.

"Gurɓataccen mai na, Alhaji. Man 'yan bumburutu."

Kofin ya faɗi. Zoɓo ya malale a kan sabuwar ledar har ƙarƙashin faifai. Bashira ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar mai zaman takaba.

"Ni nas sayi man."

"Ke, wane mai?" in ji Alhaji.

"Ranar. Kana ɗauko shi daga ɗaki na ga allurar mai ta kwanta, gidan mai a rufe. Na ruga bakin kasuwa da galan. Da gefen mayafina nit tace shi ina zubawa." Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. "Na sani, Yaya. Shekara biyu na sani. Ina ji ana zaginka na yi shiru, tsoro nika ji. Ashe da hannuna..."

Yaya Atu ta riƙe ta tana harararata, wai in gyara maganata. Na buɗe baki in ce ba lalle ba ne, wataƙila tsufa ne, wataƙila kaza. Na dubi fuskar Bashira na ga ko na rantse da Alƙur'ani ba za ta yarda ba. Ta riga ta karɓa. Da wannan za ta shigo gidana, ta dafa mini abinci da shi, ta kwana da shi har kabarinta, ni kuma ina gefe ina sane.

Wallahi ban san lokacin da hannuna ya shiga jakar ba. Na ture na ƙaryar gefe, na ɗora curin a kan faifai, na juyo gefen da ke ƙyalli.

"Bashira, ba manki ba na. Wancan na wata mota na, ƙarya nay yi. Wanga shi na cikin salansar. Duba nan, ke kin san shi."

Ta kai yatsa ta taɓa zaren. "Soson wanke tukunya."

"Ni nas sa shi."

Na faɗa musu duka. Farin kaftani, Ɗangiwa da buhunsa, tsiren da na cinye, bonet ɗin da ban ɗaga ba, har gadar da gilashin da ya ƙi sauka.

Yaya Atu ce ta fara magana. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mamuda, ni nak kawo ka gidan ga. Da bakina na ce musu ƙanena ba shi da abin faɗi."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Kai ne kaz zauna da ni jiya kusa ga gawon can, ina kuka, ina sa maka albarka, kana cewa amin?"

"Ni ne, Alhaji."

Ya ɗaga hannu, na rufe ido. Bai sauke shi a kaina ba. Ya ce gidan alƙali za mu, yau ɗin nan.

"Yaya, bar shi," in ji Bashira. Ta ɗauki curin da hannu biyu ta aza a cinyarta, kan shuɗiyar atamfar. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta dube ni. "Ko da mun isa asibiti, ban sani ba ko zai tashi. Kai ma ba ka sani ba. Amma Malam, da gilashin ga ya sauka fa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon zoɓon da ya malale.

"Da ranar Juma'a an kai ni gidanka, ina yi maka godiya." Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "Ka buɗe jakar, ba wanda yas sa ka. In an tambaye ni gaban Allah, zan faɗi wannan. Aure kuwa ba ni iyawa. Wanga ka bar min shi."

Alhaji ya raka ni zaure, ba don girmamawa ba. A daidai inda muka yi musafaha ya tsaya, hannayensa a bayansa. "Ka tada ta, ka faɗi abin da yak kashe ta. Ka cika naka. Nawa na ba ni cikawa. Gobe za ni wurin dangin Gazali da curin can, abin da sunka ga dama su yi da kai."

A bayan babur na dawo Tambuwal, jakata ba nauyi.

Yau kwana tara. Labari ya riga ni isowa gari. Mutum biyu sun zo sun sa an yanka salansarsu a gaban idona, na tsaya ina kallo ana zaro soso. Duk motar da ta rage gudu a bakin garejin sai in ɗago kai in ga ko 'yan'uwan Gazali ne. Ba su zo ba tukuna, ni kuma ban gudu ba. Ɗangiwa ya zo ranar kasuwa, ya hango taro, ya juya da buhunsa, ya koma garejin gaba. Bayan asuba wayata ba ta ƙara. Nakan buɗe tsohon saƙon in saurara, "Malam, ka karya?", sannan in tafi wurin mai shayi.

In kuna son lissafin wanda ya ci da wanda ya faɗi, ga shi. Alhaji Haliru ya ci, an ce ƙanen Gazali ya ba shi hannu a masallacin Juma'a, kuma shi ke tuƙa jar motar yanzu. Bashira ta ci rabi, ta sauke kayan da ba nata ba, ta rasa mijin farko ta ƙi na biyu. Ɗangiwa ya ci tun shekara biyu da suka wuce, kuma ko sunansa ba a kira a gidan kowa. Gazali ya faɗi, a kan abin da bai kai kuɗin tsiren da ya saya mini daraja ba a wurin Allah. Ni kuwa na rasa matar, na rasa sunan, na rasa yayata da ba ta ɗaga wayata. Shaddar tana nan a ƙusa cikin ledarta, tela ya yi mata aiki mai kyau a wuya.